Rubutun da Ke Fitowa a Hankali

Tun bayan ƙaramar salla Lauratu ta kasa gane kan kwamfutar ofishinsu. Shekara tara tana shigar da sunayen manoma a wani ɗan ofishin rajista a Sule Tankarkar, ko harafi ba ta taɓa kuskurewa ba. Amma yanzu in ta danna sunan mutum, bayanansa ba sa fitowa farat ɗaya. Sai su fara dishi-dishi kamar allon da aka wanke, su yi ta ƙara baƙi har su zauna daidai.

Wai! Haka fa ciwon idon mahaifiyarta ya fara. Inna takan ce fuskar mutum sai ta jima kafin ta haɗu mata. Kafin damina biyu, sai da ɗan jagora.

Lauratu ta ja bakinta ta yi gum, don tsoro ya cika ta. Wa zai bar makauniya a gaban kwamfuta? Ta goge gilashin kwamfutar da gefen mayafi. Ta sa kwalli, ta daina kwalli. Ta sayo maganin ɗigawa a kasuwar Maigatari. Duk a banza.

Ran Laraba sai ga Moses daga Gumel, wanda ya haɗa musu manhajar. Ta daure ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa.

Ya kwashe da dariya. "Haba, Hajiya! Ai ni na yi shi haka a sabuwar manhajar da na aiko muku, don ado. Maimakon abu ya faɗo wa mutum kwatsam, sai ya bayyana a hankali."

"Ado? Allah ya shirye ka, Moses! Wata guda ina ɓuya ina kuka saboda adonka?"

Daɗi ya kama ta, ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce maza ya cire mata wannan tsiyar.

Ya ja kujera ya shiga dubawa. Can sai ya tsaya, ya sosa ƙeya.

"Ikon Allah. Hajiya, ashe ba wanda ya sa muku sabuwar. Tsohuwar ce a kai, ita kuwa ba ta da wannan adon."

Lauratu ta matso kusa da kwamfutar. Ta miƙa hannu ta danna wani suna.

"Ya fito?"

"Tun ɗazu, Hajiya."

Ita kuwa har yanzu jira take.