Miƙa wa Kawu Rabo a Janye

Duk wanda ya yi aiki da Mu'azzam a sashen kaya na filin jirgin Madina ya san hannunsa na dama. Akwatin da mutum biyu ke nishi a kansa, shi kaɗai yake ɗagawa kamar ƙullin goro. Shi ya sa da Adam, Basudanen nan da ya yi shekara tara yana tuƙin tasi a Amurka, ya kawo musu ƙwallon can mai siffar gwanda, babu gardama aka ce Mu'azzam ne mai jifa.

Duk Juma'a bayan la'asar suke karawa da direbobin bas na Bi'ir Ali. Adam ya koya musu wata dabara da ya kira butleg: mai jifa ya yi kamar ya danƙa wa mai gudu ƙwallo, abokan hamayya su ruga su bi mai gudun, shi kuwa ya ɓoye ta a ƙugu, ya sulale ta ɗaya gefen ya jefa wa wanda ba a tsare ba.

To, ina! Mai gudun nasu Kawu Rabo ne, ƙanen mahaifiyar Mu'azzam, wanda ya nemo masa aikin nan. Duk lokacin da aka gwada, da Mu'azzam ya miƙa sai ya ɗan rusuna ya sakar masa ita da hannu bibbiyu. Nan take direbobi su yi wa dattijo caa, ko taku uku bai yi ba.

"Ya ahi, ɗan'uwana, yaudara ce, yaudara!" in ji Adam, yana dafe kai.

"Ni in miƙa wa Kawu abu in janye? Sai dai a sa wani," in ji Mu'azzam.

Shekara uku ke nan Kawu Rabo bai taɓa tsallake layin ci da ƙwallo a hannu ba. Ga shi iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta ƙare, gobe Asabar jirgi zai mayar da shi Maraɗi, tafiyar da ba dawowa. Wannan ce Juma'arsa ta ƙarshe, abin kuma yana cin Mu'azzam a rai.

Saura wasa ɗaya a tashi, Kawu Rabo ya jawo shi gefe.

"Ɗan nan, za ka miƙo, za ka janye. In sun ga hannuna wayam za su rabu da ni, sai ka jefo mini."

"Haba Kawu! In hana ka, sannan in jefa maka? Babba ake jefa wa abu?"

"Babban ne ya sa ka. Ko gardama za ka yi da ni?"

Aka fara. Mu'azzam ya miƙa, ya runtse ido, ya janye, yana jin kunya har tafin ƙafarsa. Direbobi kuwa sun riga sun san halinsa, duk suka afka wa Kawu. Da suka ga babu komai a hannunsa, suka juya da ihu suka bi Mu'azzam, suka bar dattijo yana ɗan gudunsa shi kaɗai.

"Gafarta, Kawu!" Mu'azzam ya kwarma, ya saki ƙwallo.

Ta faɗa ƙirjin Kawu Rabo, ya rungume ta ya tsallake layi. Har direbobin sai da suka tafa.

Ya dawo yana haki, ya miƙo wa Mu'azzam ƙwallon. Mu'azzam ya rusuna zai karɓa, sai Kawu ya janye ta ya ɓoye a ƙugu.

"Ka ga? Ban mutu ba, kai ma ba ka mutu ba. Wannan Maraɗi za ta."

Mu'azzam ya yi dariya har ya durƙusa, ya daɗe bai ɗago ba, don kada Kawu ya ga hawayensa.