Shafukan da Ta Bari a Buɗe

"Ƙara murya kaɗan, Injiniya," in ji Baba na ƙasa. "Kunnen ma ya fara bin sawun idon."

Ta ƙara. Daga cikin kwamfutar da ke kan cinyarta wani mutum yana bayanin yadda ake shuka tumatir a tsohon bokiti: a huda gindinsa, a zuba tsakuwa kafin ƙasa. Tsohon yana kishingiɗe a kan gado, an tokare masa baya da matasai, fuskarsa tana kallon rufin ɗakin. Ya saurara har mutumin ya kai wajen ban ruwa, sannan ya motsa baki.

"Mura yake yi ne yau? Na ji muryarsa ta yi kauri."

Ta ce lasifikar ce ta tsufa. Ya ce to ai kowa a ɗakin nan ya tsufa, bare lasifika. Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. Ta miƙa masa ruwa.

Ba laifin lasifika ba ne. Mutumin ne ba wanda tsohon ya saba ji ba.

Baba na ƙasa tsohon direban bas ne, kuma sunan ya bi shi ne saboda ɗakinsa yana ƙasan bene, daidai ƙarƙashin nata. Shi ya laƙaba mata Injiniya tun ranar da ta fara aiki a shagon gyaran kwamfuta, tun ba ta iya kwance ko ƙusa ɗaya ba. Matarsa ce mai kwamfutar. 'Yarsu da ke aure a wata ƙasa mai nisa ce ta aiko mata da ita, tsohuwar kuwa ta koyi abin da ƙwazo irin na wanda ya makara zuwa makaranta. Abu ɗaya ne ba ta taɓa koya ba: rufe shafi. Duk abin da ta buɗe a burauza, manhajar shiga intanet, nan yake zama, a jere a saman allo, sun matsu har ba a ganin sunayensu. Wata safiya tana zaune a gaban kwamfutar ta ce kanta na juyawa, ta tashi ta kwanta. Ba ta sake tashi ba. 'Yar ba ta samu zuwa ba, ɗanta na asibiti a lokacin. Tun daga ranar Baba bai bar kwamfutar ta mutu ba. Murfin kawai ya sauke, ya bar ta jone da caja.

Injiniya ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani shi ne, ranar da tsohon ya faɗi a banɗaki aka tafi da shi asibiti, 'yarsa ta kira ta a waya tana kuka, ta roƙe ta ta duba kwamfutar ko za su riƙa ganin juna ta bidiyo idan an sallame shi. Ta sauko da mabuɗin ɗakinsa. Ta tarar da na'urar ta yi zafi kamar dutsen guga, fankarta na nishi, babbar manhajar da take tafiya a kanta kuwa tun tuni masu ita suka daina sabunta ta. Tausayi ya kama ta. Ta rungumi kwamfutar ta tafi da ita shago.

Ta yi aikin da tsabta, wannan kam ko maƙiyinta zai shaida. Ta kwashe hotuna da fayiloli kaf ta adana, ba ta bar ko guda ba. Sannan ta share komai ta ɗora sabuwar manhaja mara nauyi, wadda ita kanta take so kamar ranta, wadda take yi wa kowane abokin ciniki wa'azi a kanta. Ta ga tarin shafukan nan kafin ta share. Har murmushi ta yi. A wajen aikinta shafin burauza ba kaya ba ne, ƙura ce. Ba wanda yake adana ƙura.

Ranar da aka dawo da shi, idanunsa sun dushe, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Ya sa ta ɗauko kwamfutar, ya ce ta ɗaga murfin a hankali, kada ta taɓa komai. Sai ya shiga lissafa mata abin da ke ciki, yana murmushi kamar mai zagaya baƙo cikin gidansa. Akwai mai tumatir, domin mutuniyar tasa ta so ta yi lambu a bakin taga. Akwai wani takalmin yara ja da take ta kallo saboda jikanta. Akwai maganin ciwon gwiwa da take nema masa a ɓoye, wai don kada ya ce ta mai da shi tsoho.

"Na ƙarshen kuwa, wanda ke can gefen dama, kada ki buɗe," ya ce. "Hoton jikanmu ne. A ƙarƙashinsa akwai ɗan akwatin nan da ake rubutu. Tana cikin rubuta wa 'yarmu magana ciwon ya kama ta, ba ta aika ba. Ni ma ban karanta ba. Ba tawa ba ce. Na ce wa yarinyar uwarta ta bar mata ajiya, idan ta zo ta gani da idonta."

Injiniya ta kalli allon. Fari fes, shafi ɗaya tal, babu komai a cikinsa. Bakinta ne ya riga ta magana. Ta ce komai yana nan.

Daga nan ƙarya ta zama aikinta na yamma. Idan ta taso daga shago ta biya ta wajensa, ta nemo wani mai tumatir a intanet, ta nemo wani jan takalmi ta kwatanta masa igiyarsa. Da rana kuwa, a shago, ta kwance kwamfutar ta bi cikinta da duk wata manhajar tono abin da aka goge. Ogan shagon, mutum mai tumbi da son zolaya, ya leƙo ta kafaɗarta ya tambaya ko zinariya ce ta ɓata. Da ta gaya masa, sai zolayar ta bar fuskarsa. Ya ce rubutun da ba a aika ba ba ya sauka ko'ina, a iska yake tsaye, daga an kashe na'ura ya tafi. Ya ce ita ma ta san haka. Ta sani. Duk da haka ta ci gaba da tono har ranar da ta kifa kai a kan tebur, tsakanin sukudireba da wayoyi, ta yi kuka mai cin rai.

Jikin Baba kuwa kullum baya yake yi. Ya daina tashi zaune. Abinci sai cokali ɗaya biyu ya kawar da kai. 'Yarsa ta kira ta ce ta samu izinin tafiya, tana nan tafe ƙarshen mako. Ya yi murna har ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski.

Washegarin ranar mai mura, Injiniya ta shigo ba ta ɗauki kwamfutar ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Hasken ranar yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan hannunsa, jijiyoyi sun fito raɗau. A waje wani yana ta buga ƙofar mota ta ƙi rufuwa.

"Baba, na yi maka ƙarya."

Ta faɗa masa duka, tun daga zafin na'urar har zuwa farin allo. Ba ta nemi uzuri ba, ko da yake uzurin ya yi ta zuwa bakinta.

"Na san mai tumatir ɗin ba shi ba ne," ya ce a hankali. "Wancan yana da wata 'yar in'ina. Na ɗauka shi kaɗai ya ɓata, kina jin kunyar gaya mini." Ya juyo wajen muryarta. "Har da na ƙarshen?"

"Har da shi, Baba."

"Kin karanta kafin ki share?"

Da ta ce e, da ta ƙirƙiro masa kalmomi biyu uku masu daɗi, da ya tafi da su. Ta ga hanyar a buɗe a gabanta, mai sauƙi. Amma ta gaji da ƙarya.

"Ban karanta ba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya lalubo bargo ya ja shi zuwa ƙirji, ya juya fuskarsa bango. Can ya ce ta ja masa labule, hasken ya yi yawa. Ta ja. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira ya ce Injiniya, ko da sau ɗaya. Bai ce ba.

Da safe wata mata da ke kula da shi tun da aka sallamo shi ta hau bene ta ƙwanƙwasa mata. Tun kafin ta buɗe baki Injiniya ta gane, domin matar tana riƙe da kofin shayinsa, cike, ya huce.

Aka kai shi makwancinsa kafin jirgin 'yar ya sauka. Maƙwabta suka yi ta faɗin kirkinsa a kan matakalar bene, yadda yake tsayar da bas ya jira tsofaffi su zauna, yadda ba ya wuce yaro bai tsokane shi ba. Kowa ya ga Injiniya sai ya ce Allah ya saka mata, ita ce ta riƙe shi kamar 'yar cikinsa. Kowace addu'a sai ta ji ta kamar mari. Tambaya ɗaya ta hana ta sakat: shin gaskiyar ce ta ƙarasa shi, ko dama lokacin ne ya yi? Ba wanda za ta tambaya.

'Yar ta iso da ɗanta a kafaɗa, doguwa, mai goshin ubanta. Bayan mutane sun ragu ta kamo hannun Injiniya ta ja ta cikin ɗakin. An yaye zanin gado, an naɗe katifa. Kwamfutar tana kan tebur.

"Ƙanwata, Baba ya ce Mama ta bar mini ajiya a nan. Ke kika san kanta. Nuna mini."

Injiniya ta ɗaga murfin. Ta nemo hoton yaron, yana dariya da haƙora biyu, ta gangaro zuwa ɗan akwatin da ke ƙarƙashinsa. Babu komai a ciki. Ta nuna shi da yatsa, ta ce a nan maganar take. Sannan ta faɗi sauran, a karo na biyu.

Matar ta saurara ba ta katse ta ba. Fuskarta ta yi tauri, sannan ta saki, sannan ta sake yin tauri. Ta tambaya ko doguwa ce maganar. Injiniya ta ce ba ta sani ba. Ta tambaya ko Baba ya sani kafin ya rasu. Ta ce ya sani.

"To," in ji 'yar.

Ta sauke yaron a ƙasa, ta ja kujerar uwarta ta zauna a gaban tebur. Ta daɗe tana kallon akwatin. Daga baya idonta ya sauko kan maɓallan rubutu. Wasu haruffan sun koɗe, fentinsu ya goge saboda yawan dannawa, sai santsi da ɗan ƙyalli a inda yatsu suka saba sauka. Ta ɗora yatsunta a kansu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ta danna ba.

Injiniya tana tsaye a bayanta, ba a ce ta zauna ba, ba a ce ta fita ba. A ƙarƙashin tebur yaron ya samu tsohon silifas ɗin kakansa, ya zura ƙafafunsa biyu cikin guda ɗaya yana ƙoƙarin tashi.