Raƙumin Makon Al'adu

Mushe Rabo ya zagaya raƙumin sau biyu yana gyaɗa kai, wai shi masani. Shekara ashirin da shida yana koyar da lissafi a lakwal, makarantar boko ta Dakoro, inda ake ce wa malami Mushe, kuma bai taɓa hawa abin da ya fi babur tsawo ba.

"Na haya muke so, kwana uku," ya ce wa Ango dillali.

"Aure za a yi, Mushe?"

"Jami'a zai tafi."

Ango ya dubi raƙumin, ya dubi Mushe. "To, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa."

'Yarsa Munira na tsaye a gefe da takarda a hannu. Ita ce ma'ajiyar ƙungiyar ɗaliban Dakoro a jami'a, can Maradi, kuma tun jiya take yi masa bayani. Cikin kuɗin rajistar da kowane ɗalibi ke biya, ana ware wani kaso a raba wa ƙungiyoyi. 'Yan ƙwallo sun samu riguna, 'yan wasan kwaikwayo sun samu lasifika. Ɗaliban Dakoro sun roƙi kuɗin mota saboda masu kasa zuwa gida lokacin hutu. Kwamitin rabon ya ce hawa mota ba aikin ƙungiya ba ne. Amma ga jika tamanin, wato sefa dubu tamanin, na makon al'adu, da sharaɗin su kawo raƙumi, tunda daga arewa suke. In babu raƙumi, baɗi a cire sunansu daga rabo.

"Cikinku wa ya iya hawa?" Mushe ya tambaye ta.

"Ba kowa, Baba. Hoto kawai za a ɗauka."

Aka yi ciniki har rana ta take. Ango ya sallama a jika talatin da biyar, tare da mai jan akala da harawa. Mai kamyo, babbar motar kaya, ya ce arba'in da biyar zuwa da dawowa, don raƙumi na cin wurin buhu ashirin. Mushe ya haɗa a ka: tamanin cif. Lissafi bai taɓa fita masa daidai haka ba, ko a allo.

Da Munira ta miƙa kuɗin, Ango ya ƙirga yana murmushi.

"Ka tuna tumakin nan biyu da ka kawo mini bayan damina?"

"Na rajistarta ne. Ka taya su kamar marasa lafiya."

"To ga shi kuɗin ya dawo gida. Karatu na da amfani, Mushe."

Gwiwar Mushe na ciwo, kuma bai karya ba.

Mutum shida suka sha fama kafin raƙumin ya yarda ya durƙusa a bayan kamyo. Aka shimfiɗa masa yashi, aka ɗaure masa damin harawa a gefe. Ya ɗaga kai yana tuƙa, yana kallon kasuwa daga sama.

Munira ta gyara jakarta.

"Baba, kuɗin motata fa?"

"Ba ya cikin takardar?"

Ta duba, ko da yake ta sani. "Raƙumi, jigila, abincin raƙumi. Shi ke nan."

Mushe Rabo ya laluba aljihun gaba, ya koma na gefe, inda kuɗin man babur ɗinsa yake. Ya ba ta. Ya tsaya har kamyon ya hau hanyar Maradi, sannan ya kama babur ɗin ya fara tura shi gida.