Zomon da Ya Yi Cizo

"Kai ka kai shi, kai za ka kai ta ta gan shi," in ji uwar Auta, tana ɗaura wa yarinyar igiyar takalmi.

"Ni fa ban ce ba zan je ba. Cewa na yi ba yau ba," in ji mijin.

"Tun farkon hutu kake cewa ba yau ba. Jibi za su koma makaranta. Dube ta, Baban Auta. 'Yarka ce ta daina yi maka magana, ba 'yar maƙwabta ba."

Ya dube ta. Auta ta kau da kai, ta zuba wa bango ido.

Gyaran firij yake yi, a gida. Barandarsu cike take da firij na mutane, bayansu a buɗe, wayoyi a zube. Zomon Auta, Guntu, wani fari mai guntun kunne, ya saba yawo a tsakaninsu. Wata rana ya gwigwiye wayar firijin wani mai shago, mai shagon ya zo ya zage shi tas a gaban maƙwabta. Washegari Auta na makaranta ya jefa zomon a kwali, ya kai wani ƙaramin gidan zu da ke bayan gari ya bar musu. Da ta dawo ya ce mata Guntu ya samu abokai. Ba ta yi kuka ba. Shiru kawai ta yi masa. Ko ruwa aka ce ta kai masa, sai ta ajiye a ƙasa ta wuce. Shirun nan ke cinsa, ya fi masa zagin mai shago ciwo. So yake ta ce "Baba", ko da sau ɗaya.

Suka je.

Wurin bai kai filin ƙwallo ba. Warin fitsari da jiƙaƙƙiyar ciyawa ne ya tare su tun daga ƙofa. Wani biri da sarƙa a ƙugu yana tsigar gashin hannunsa. Yara na hawa bayan wani tsohon kunkuru ana ɗaukarsu hoto. Can ƙurya akwai akwatin gilashi, mesa a ciki a naɗe kamar tsohuwar taya.

A tsakiya aka yi shingen katako, inda ake barin yara su ɗauki zomaye. Mai kula da wurin wani ƙato ne da tawul a wuya, yana tauna tsinke.

"Yara, a riƙe a hankali," ya ce. "Dokarmu ɗaya ce a nan. Duk zomon da ya ciji baƙo, shi ne abincin Madam." Ya nuna akwatin mesa da tsinken.

Iyaye suka kwashe da dariya. Baban Auta ma ya yi. Auta ba ta yi ba.

Ba ta sha wahalar gano zomonta ba. Yana lafe a jikin katako, ya rame, farin gashinsa ya koma ruwan ƙasa saboda yawan hannu. Ta tsuguna ta ɗauke shi, ta cusa fuskarta a bayansa. Sai ga murmushi, irin wanda uban ya manta kamanninsa. Nan da nan ya zaro waya.

"Auta, kalli nan. Ɗago shi sama."

Ko motsi ba ta yi ba.

"Ɗago shi mana, ba a ganin fuskarki!" Ya kama gwiwar hannunta ya fizga sama. Zomon ya firgita, ya yi shure-shure, ya kafa mata haƙori a ɗan yatsa.

 Ta sauke shi a hankali, ta tura hannun cikin aljihun rigarta, ta saci kallon mai tawul. Bai gani ba. Uwar ta gani, ta matso ta kare ta da jikinta.

Shi kuwa jini ya gani yana keto aljihun. Ransa ya ba shi cewa ga dama ta samu. Yau yarinyar nan za ta san tana da uba. Ya fizgo hannun ya ɗaga shi sama.

"Kai, malam! Zo ka ga abin da dabbarku ta yi wa 'yata!"

"Baban Auta, ka rufa mana asiri," in ji matar ƙasa-ƙasa. "Yi shiru."

"In yi shiru? Ke ba kin ce ban damu da ita ba?"

Mai tawul ya iso, mutane a bayansa.

"Ƙusa ce," Auta ta ce masa da sauri. "Ƙusar katako ce ta yanke ni."

"Ƙarya take yi, tsoro ne! A kan idona ya cije ta. Ga shi can, farin nan. Ina manajanku? Haka kuke barin 'ya'yan mutane?"

Mai tawul ya duba yatsan, ya tofar da tsinken. Ya sunkuya ya cafko zomon ta kunnuwa.

"Jama'a, yau Madam ta samu!"

Yara suka hau tsalle da ihu. A lokacin ne maganar ɗazu ta faɗo wa Baban Auta. Ashe ba wasa ba ce.

"Dakata," ya ce. "Ai namu ne. Ni na kawo shi."

"Au, kai ne na kwalin nan?" Mai tawul ya washe baki. "Ka kawo shi da kanka, ka kai ƙararsa da kanka, yanzu kuma kai ne lauyansa? To ba zai kwana nan ba, gobe ya ciji ɗan wani. Ungo abinka, ka koma da shi gida."

Ya miƙo shi, yana reto a iska. Wani daga baya ya ce, "Karɓi mana, angon zomo!" Aka sake fashewa da dariya.

Kunya ta kama Baban Auta. Ya tuna wayoyin baranda, ya tuna bakin mai shago. Ga kuma maza tsaye suna jira su gan shi, ƙato da shi, rungume da zomo. Matar ta miƙa hannu za ta karɓa.

"Kada ki soma," ya ce.

Hannunta ya tsaya a iska, sannan ya sauka.

Aka ɗunguma wajen akwatin, kowa da waya a sama, mai tawul ya jefa zomon ciki. Auta ta bi su da ƙafarta, ta kutsa har gaban gilashin. Uwar ta rufe mata ido, Auta ta ture hannun. Zomon ya ɗan yi tsalle a ciki, ya shinshina gefen mesar kamar yadda yake shinshina wayoyi a gida. Daga nan sai ƙara guda, siririya. Yara suka tafa.

Suka kama hanyar fita. Uban ya saya wa Auta alawa a bakin ƙofa, ta bar shi riƙe da ita. Sai da suka tsaya jiran mota, tana kallon yatsanta da uwar ta naɗe da hankici, ta ɗago.

"Baba."

 Ya durƙusa a gabanta da sauri, har gwiwarsa ta bugi dutse.

"Na'am, Autata. Faɗa mini."

"Ni ma in na ɓata maka waya, ina za ka kai ni?"