Hannun Boyi a Jikin Laka

Boyi ya rasu albasarsa tana da kwana arba'in a fangali. Zazzaɓi ne na kwana uku. Lokacin ayarin Azbinawa na ratsa Amarawa da gishiri za su Sakkwato, hankalin kowa yana kan hanya, ba wanda ya tuna da lambun. Uwarsa Kubra ce ta tuna. Ba ta da wani ɗa, albasar nan kuma ita ce hatsinta na bana.

Da aka tashi daga zaman makoki ta gangara fadama. Jigon yana nan yadda ya bar shi, doguwar sanda ɗaure a kan itacen gicciye, guga a gaba, curin laka a baya. Boyi ƙato ne, daidai ƙarfinsa ya yi curin. Kubra ta kama igiya ta rataya da duk jikinta. Sanda ta ɗan sunkuyo, ta yi rawa, laka ta rinjaye ta. Guga ko bakin rijiya bai kai ba. Ganyen albasa kuwa duk ya kwanta.

Baffa Jalo, tsohon makiyayin da ke shayar da shanu a gefe, ya matso.

"Kubra, lilo kike da tsufanki?"

"Ruwa nike nema, Baffa."

"Lakar ta fi ki nauyi. Bari in rage mata." Ya ɗaga sandarsa.

"Kada ka taɓa!"

"Mi?"

Ta nuna masa. A jikin busasshiyar lakar ga tafin Boyi, yatsu biyar, har da ƙaramin da ya karye tun yana yaro ya warke a karkace.

Jalo ya sauke sanda. Ya zagaya jigon sau biyu, sannan ya kwance ɗaurin, ya zame doguwar sandar gaba kamar kamu ɗaya, ya sake ɗaurewa.

"Ba nauyinta kaɗai ya kayar da ke ba, har da nisanta. Ta matso kusa da gicciye, ƙarfinta ya ragu. Amma ba ta iya ɗago gugan Boyi cike. Kawo ƙwaryarki a ɗaura a madadinsa. Inda ya ja ɗaya, ke sai uku."

Ta ja. Ƙwarya ta nutse, laka ta ɗago ta a hankali, ruwa ya bi fangalin farko.

A ja na biyar ta tsaya. Jigon nan yana da kuka, wata ƙara mai tsawo da take ji tun daga gida da hantsi ta san Boyi na lambu. Yanzu igiya ta bar gurbin da ta ci a jikin itace, sanda na hawa da sauka shiru.

"Baffa, ba ya kuka."

Jalo ya bi shanunsa.

Sai bayan azahar ta gama fangali na ƙarshe. Ta zagaya baya, ta ɗora hannunta cikin na Boyi. Bai cika gurbin ba. Ta daɗe a haka kafin ta ɗauki ƙwaryarta.