Kunnuwan Jitar Malam Yahuza

"Wa ya taɓa min jita?"

Alhaji Ƙasimu bai ɗago ba. Yana kan kujerar gefen gado, yana kwance ledar gurasar roti da shayin da ya sayo a ƙunshe daga shagon mamak, mai abincin ƙasan bene. Maƙwabcinsa Malam Yahuza na jingine da matasai, jitar kwance a cinyarsa. Ya ja wani guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin, ta yi wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Rakiya, ke ce?"

"Ni da ko gogewa ba ka bari in yi?" matarsa ta amsa daga kicin.

"Ni ne," in ji Alhaji. "Jiya kana barci na ga kunnuwan nan da ake murɗawa, kowanne ya kama gabansa, wani gabas wani yamma. Na daidaita maka su. Duba, sun yi sahu."

Yahuza ya duba. Sun yi sahu kuwa, kamar masallata. Ya bushe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Rakiya ta zo da ruwa.

"Bakano ke nan," ya ce yana share hawaye. "Aikin da na yi tun kafin azumi, ka rushe shi da yatsu biyu."

"Bazazzagi, in ba ka iya godiya ba ka yi shiru."

Alhaji Ƙasimu ɗan kasuwar yadi ne a titin Jalan Masjid India, nan Malesiya, kuma ko hular yaro ya gani a karkace sai ya miƙe ta. Kiɗa bai dame shi ba, yana ganin aikin marasa abin yi ne. Amma ƙofarsa na kallon ta Yahuza a benensu na unguwar Cheras, kuma tun da ciwo ya kwantar da Yahuza bai taɓa fashin kai masa kalaci ba.

Ita jitar ba irin wadda samari ke rungumewa ba ce. Kwantar da ita ake yi a cinya, hannun dama na tsinkar tsirkiya, na hagu na jan ƙarfe a kai. Yahuza ya saye ta a wurin wani tsoho Bamaleshe bayan shanyewar jiki ta taɓa masa yatsun hagu. Saitin da ta zo da shi na kiɗan bakin teku ne, mai zaƙi kamar an cika sukari. Shi kuwa muryar gurmin mahaifinsa, Halliru, yake nema. Ya ɗaure wannan tsirkiya, ya sassauta waccan, ya haɗa biyu a murya ɗaya don su riƙa gunji a ƙasa, har ya samu. Dalili kuwa, a gidansu ba a raɗa wa jariri suna sai an kaɗa taken gidan, ga shi 'yarsa Walida ta haihu a Kano, suna ranar Asabar, likita kuma ya hana shi jirgi.

"To ka mayar da su yadda suke mana," in ji Alhaji.

Yahuza ya ɗaga hannunsa na dama. Rawa yake yi. Kunnuwan kuma danshin garin ya sa sun yi tsatsa.

"Da wane hannun? Kai ka ɓata, kai za ka murɗa. Ni nawa saurare."

"Ni ban zo Malesiya in zama yaron makaɗi ba."

"Baban Walida, ƙyale shi," in ji Rakiya. "Zan gaya wa Walida cewa Alhaji ya ce a yi sunan haka nan."

Alhaji ya harare ta. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga.

Suka wuni a kai. Yahuza ya tsinka, Alhaji ya murɗa. "Ɗaure. Ƙara. A'a, ka wuce, ba igiyar dila kake ɗaurewa ba." Washegari Juma'a, garin ƙarfin hannu, Alhaji ya tsinka siririyar tsirkiyar nan ta ƙarshe, ta tsarge shi a bayan hannu. Ya naɗe ta ya sa a aljihu yadda yake yi da samfurin yadi, ana idar da salla ya hau jirgin ƙasa na MRT da babbar rigarsa ya nufi shagon kayan kiɗa. Ya shimfiɗa ta a kan kantar shagon, ya ce irinta yake so, kauri ɗaya.

"Boleh, uncle," in ji matar shagon, wato akwai, ta ƙara da cewa ya kawo jitar su saita masa daidai.

"Daidai ɗin ne ya jawo min wannan tafiyar," ya faɗa da Hausa, ya karɓi kayansa.

Sabuwar tsirkiyar ce ta fi ba su wuya. Rakiya ta ɗora wayarta a gefe, mai nuna kore in murya ta zauna daidai, ja in ta kauce. Alhaji ya murɗa har ta yi kore, ya saki yana murmushi.

"Sassauta kaɗan," in ji Yahuza, idonsa a rufe.

"Ta yi kore fa."

"Wayar nan ba ta taɓa jin gurmi ba. Sassauta."

Ya sassauta, fuska a murtuke. Ja ya fito. Yahuza ya tsinka, ya ja ƙarfen a hankali daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya fito ya sa Alhaji ya ji kansa a ƙofar gidan kakarsa ranar kasuwa, ga ƙanshin ƙosai, ga wani tsoho a kan tabarma yana kaɗa wa mahauta.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Nan ne. Kada a ƙara."

Yahuza ya buɗe ido ɗaya. "Ashe Bakano na da kunne."

Asubar Kano azahar ce a nan. Ranar Asabar Rakiya ta jingina wayar da kwalbar magani, ga Walida ta fito da jariri a hannu, mata sun cika ɗaki a bayanta. Halliru za a raɗa masa. Ƙarfen na zamewa daga yatsun Yahuza, sai Alhaji ya dafa masa wuyan hannu, suka ja tare. Taken bai fita sumul ba, amma wata gwaggo a can ta gane shi, ta rangaɗa guɗa, wayar har tana kakarewa. Walida na dariya tana kuka.

"Baba, wane ne wannan mai taya ka?"

"Sabon yarona ne. Yana da taurin kai, amma zai koya."

"Ki gaida mai jego, wato kanki," in ji Alhaji a daburce, ɗakin Kano ya kwashe da dariya.

Yahuza bai ga wata Asabar ɗin ba. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, ana ruwa, Alhaji na gefensa yana maimaita masa kalmar shahada. Maleshawan masallacin unguwa da 'yan Najeriyan Cheras suka sallace shi, suka kai shi.

Da Rakiya ta fara haɗa kayan komawa gida, ta ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji, jitar a hannunta.

"Ya ce a bar maka, wai kafin Halliru ya yi hannu."

"Me zan yi da ita?"

"Ya ce dai kada ka gyara."

Ya kafa ƙusa a falo ya rataye ta, ya ja baya ya duba, ya miƙe ta har ta tsaya cak. Kowace safiya kafin ya fita kasuwa yakan ɗauki ƙyallen yadi ya goge mata ƙura. In ya zo wurin kunnuwan, wani gabas wani yamma, sai ya rage hannu, ya bi tsakaninsu a hankali da bakin ƙyallen.