Ƙunshin da Aka Yi wa Zinatu

A bazarar shekarar 2010, sa'ad da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, Zinatu 'yar shekara uku ce a Abare. A wancan zamani maza kan kawo duwatsun da suka haƙo har cikin gida, mata su daka su a turmin da ake surfen gero, ƙurar ta kwanta a ƙasar da yara ke rarrafe. Yara fiye da ɗari huɗu suka mutu a yankin, cikinsu har da Kamalu, ƙanen Zinatu, wanda ko yaye shi ba a yi ba. Ita kuwa an kwantar da ita a Anka, likitocin ƙasashen waje suka yi ta ɗibar jininta suna aunawa, har Allah ya nuna da sauran kwananta. Daga baya aka kankare ƙasar tsakar gidansu aka zuba wata.

Wadda ta yi jinyarta kakarta ce, Inna Sa'a. Mahaifiyarta, Fatsuma, ba ta zauna bakin gadonta ba, kuma babu wanda ya ga laifinta. Zinatu 'yar fari ce, Fatsuma kuwa mace ce mai tsananin alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunan 'yarta ba, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, in za ta aike ta sai ta juya fuska ta faɗa wa bango: "A ɗebo ruwa." Zinatu ma ba ta ce mata Inna. Adda take ce mata, kamar yadda ta taso ta ji Kawu Nababa, ƙanen Fatsuma, yana faɗa. Bayan Kamalu, Fatsuma ba ta sake haihuwa ba. Mijinta ya rasu Zinatu tana firamare, Inna Sa'a ma ta cika bara waccan. Gida ya rage su biyu, suna gewaya juna kamar baƙin da suka haɗu a masauki.

Kawu Nababa, wanda ke kabu-kabu tsakanin Abare da Anka, shi ya tsaya kan karatun yarinyar. Karatun bai zo da sauƙi ba. An rufe makarantun jihar a ƙarshen 2021 saboda 'yan bindiga, kuma da ta zauna jarrabawar kammala sakandare karo na farko, Lissafi ya kayar da ita. Dokar shiga jami'a ba ta da sassauci: kiredit biyar, dole da Turanci da Lissafi a ciki. Ta sake zama, ta samu. Burinta ta karanci aikin gwajin jini a Sakkwato.

Sai dai ko ta samu gurbi, gidansu ba shi da abin riƙe ta a jami'a. Hanya ɗaya ce ta buɗe mata. Akwai wata ƙungiyar zumunta ta 'yan asalin Anka da Gummi da Bukkuyum masu aiki a birane, wadda kowace shekara kan ɗauki nauyin yarinya ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, tun daga rajista har kammalawa. Sharaɗinsu shi ne takardar sakandare da makin jarrabawar shiga jami'a na wannan shekarar, a hannu, ranar da kwamiti zai zauna. A ƙasar Anka, sunan Zinatu ne a gaba.

Sakataren ƙungiyar, Malam Ishaq, tsohon shugaban makaranta, ya tara 'yan matan da ke neman gurbin a zaurensa kafin su tafi Gusau rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ya tuna musu cewa tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta, kuma ba mai shiga ɗakin sai na'ura ta gane zanen yatsun da aka ɗauka ranar rajista.

"Kada wadda ta kuskura ta sa lalle," in ji shi. "Ko bikin wadda kuke uwa ɗaya uba ɗaya za a yi. Kun jiya?"

Suka yi dariya, suka ce sun ji. Zinatu ba ta ɗauka gargaɗin ya shafe ta ba, don tun rasuwar Inna Sa'a ba wanda ya sa mata lalle.

Jajibirin tafiya, bayan azahar, tana ninke kayanta a ɗaki, sai ta ji ana daka a tsakar gida, daka mai laushi da ba irin na hatsi ba. Can ƙamshin ɗanyen ganye ya iske ta. Ta leƙo. Fatsuma ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ga ƙwarya cike da kwaɓaɓɓen lalle, ga tsummoki, ga zunguru biyu, dogayen ƙoƙunan nan da ake zura hannu a ciki in an yi ƙunshi. Ɗaya na Fatsuma ne, ɗaya na Inna Sa'a. Zinatu ba ta taɓa ganin hannun mahaifiyarta da lalle ba. An ce tun ranar da aka binne Kamalu ta rataye zungurunta.

Fatsuma ba ta juya wa bango ba. Ta dube ta.

"Ke, zo ki zamna. Miƙo hannu."

Zinatu ta tsaya a bakin ƙofa. Maganar Malam Ishaq tana bakinta, gajeruwa ce, numfashi ɗaya zai ishe ta. Amma ba ta taɓa ce wa wannan mata a'a ba, domin ba a taɓa tambayarta wani abu kai tsaye ba balle ta ƙi.

"Ɗiya ba ta tahiya birni da hannu fari awa marainiya," in ji Fatsuma, murya ƙasa-ƙasa. "Da Inna na nan, ita ka yi. Ba ta nan."

Zinatu ta zauna a tabarmar. Ta miƙa hagu, tana cewa a ranta za ta tsira da hannun dama. Hannun Fatsuma ya kama nata. Kaushi ne da shi, da ɗumi. Ta shafe tafin da lalle, ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya har kan farce, ta naɗe da tsumma, ta zura cikin zunguru. Ƙunshin zunguru ba ya barin yatsa ko ɗaya a waje. Da ta gama, sai ta buɗe nata tafin tana jira. Zinatu ta dubi tafin nan da ke buɗe. Ta ɗora damarta a kai.

Haka suka wuni. Da la'asar ta yi sanyi, yunwa ta kama Zinatu, ga hannaye a ɗaure. Fatsuma ta dama fura, ta riƙa ba ta da ludayi, tana goge mata haɓa da bakin zane. Da aka kwance ƙunshin kusan magariba, lallen ya kama jajir har ya koma baƙi-baƙi a kan yatsu.

"Ya nuna," in ji Fatsuma. Ta kwashe ƙwarya ta shige ɗaki.

Da safe Kawu Nababa ya zo da babur. Yana ganin hannun sai ya riƙe baki.

"Kai! Jarrabawa munka ce ko ɗaurin aure? Wane marar sa'a na za shi kwasa?"

"Kawu, mu tahi, mota na cika."

"To, ranki shi daɗe, amaryar boko."

Shi bai san komai game da na'ura ba, ita kuma ba ta faɗa masa ba. Ya kai ta tashar Anka, ya sa ta a motar Gusau. Duk tsawon hanya hannayenta na cikin hijabi.

A Gusau ta sauka gidan Khairat, 'yar baffanta da ke aure a can. Khairat ta yi sakandare, kuma ta san labarin na'urar. Tana karɓar jaka ta ga yatsun, ta saki salati.

"Zinatu, hauka kinka yi? Wa ya yi miki wannan ɗanyen aiki?"

"Biki munka yi."

"Biki! Gobe warhaka kina bakin layi. Tashi, tashi, mu ga abin da za a iya."

Suka fara da lemon tsami da toka. Lallen bai motsa ba. Suka koma sabulun wanki da ruwan zafi. Sai maƙwabciya ta leƙo ta ce ai ruwan bilic, wanda ake cire tabon tufa da shi, shi ne maganinsa. Khairat ta tsiyaya a roba, Zinatu ta tsoma yatsunta har suka yi yaushi, sannan aka bi su da dutsen goge kaushi. Zafi ya riƙa ratsa ta har gwiwar hannu. Jan ya fara dusashewa, suka ƙara himma. Kafin rana ta faɗi kan yatsun ya koma fari-fari, sumul, yana sheƙi kamar cikin albasa.

"Kin gani? Ya fita," in ji Khairat. "Ki gode Allah da kinka sauka gidana."

Washegari Zinatu ta bi layin mata a ƙofar cibiyar jarrabawa. A gabanta akwai wata doguwar yarinya daga Gummi, ita ma da jan lalle a yatsu, tana kuka tun kafin a zo kanta. Ma'aikacin ya yi mata faɗa, ya goge gilashin na'urar, ya sa ta dangwala. Na'ura ta ƙi. Ya ce ta shafa yatsa a goshi ta sake. Ta ƙi. Ya gwada wani yatsan, ya danna mata shi da ƙarfi, sai ga hoton yarinyar ya fito a allo.

"Wuce. Allah ya taimake ki. Na gaba!"

Zinatu ta ɗora babban yatsanta. Babu komai. Ta ɗora manuni. Babu. Ma'aikacin ya bi yatsun nan duka, dama da hagu, sannan ya ce ta juyo da tafin. Ya duba a hasken taga, ya daɗe yana dubawa.

"Me kika yi wa hannunki?"

"Lalle na wanke."

"Da me?"

Ta faɗa masa. Ya girgiza kai, kuma ba da faɗa ya yi maganar ba.

"Yarinya, da kin bar shi. Lalle kan rufe zane, wani lokaci mu samu ta wani yatsa. Ke kin cinye zanen gaba ɗaya. Babu abin da na'ura za ta karanta."

Ya ɗauki hotonta da lambarta, ya ce za a aika wa hukumar jarrabawa, mai yiwuwa a kira irinsu wani zama na dabam, mai yiwuwa kuma a'a. Ya ce ta koma gefe. Ta zauna a kan dakali cikin rana, tana jin ƙarar janareta, har waɗanda suka shiga suka fara fitowa suna tambayar juna amsoshi.

Kwamitin ƙungiyar ya sa ranar zamansa kafin ruwa ya sauka hanyoyi su lalace. Ranar ta zo ba a kira kowa wani zama ba. Kawu Nababa, wanda a lokacin ya ji abin da ya faru kuma ya daina zolaya, ya ɗauko ta zuwa zauren Malam Ishaq. Dattijon ya sa ta buɗe hannu. Fatar ta sale, sabuwa tana tsirowa a ƙasa, a tsakiyar tafi kuma jan lallen yana nan.

"Zinatu, da bakina na gaya muku. Kina wurin."

"Ina wurin, Malam."

"To wa ya sa miki?"

Kawu Nababa ya gyara zama, ya buɗe baki zai yi magana. Ta riga shi.

"Ni na sa."

"Ke da kanki? Hannu biyu, ƙunshin zunguru?"

"Ni na miƙa hannuna, Malam."

Malam Ishaq ya cire tabarau ya dube ta, ya dubi kawunta wanda ya sunkuyar da kai. Mutumin ƙasar ne, ya san yarinya ba ta ɗaure wa kanta hannu biyu. Bai ƙara tambaya ba.

"Kwamiti ba ya zama kan tausayi," in ji shi a hankali. "Akwai yarinya daga Bagega, makinta na hannu, ubanta ma ba shi da komai. In na riƙe gurbin ina jiran abin da ba tabbas, ita na zalunta. Kin gane?"

"Na gane."

"Takardarki ta sakandare ba ta ruɓewa. Baɗi ki sake rajista, ki shiga layi tare da sababbi. Ban yi miki alkawari ba. Waɗanda ke tasowa ma suna da ƙoƙari."

"Malam," in ji Kawu Nababa, "ko a ɗan duba. Yarinyar ga ta sha wuya tun tana ƙarama."

"Na sani, Nababa. Duk yaran da munka tara nan sun sha wuya."

A waje wani mai rake yana kiran ciniki. Zinatu ta mayar da hannayenta cikin hijabi.

"Malam, yaushe ake buɗe rajistar baɗi?"

"Bayan sabuwar shekara. Kafin nan fatar ta komo, in kin bar ta ta huta."

Ta durƙusa ta yi godiya. Malam Ishaq ya sa aka kira mahaifin yarinyar Bagega, wanda tun hantsi ke zaune a inuwar masallaci yana jira. Zinatu ta matsa gefe ta ba shi hanya, sannan ta fita ta iske kawunta, wanda ya riga ta fita, wurin babur.